Sifa ɗaya da ta kusa ɓata ciniki: yadda mai jin Sinanci ke tuntuɓe da kalmar “convenient”

A shekarun da na yi ina aikin tafinta a birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin, tsakanin 'yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya da kamfanonin da ke haɗa musu kayan su yi musu dako, na shiga tsakani a rigingimu da dama, kuma kusan dukkansu a kan kuɗi ne, ko ingancin kaya, ko jinkirin kwantena. Wadda zan bayyana a nan ta fita daban, domin tushenta sifa ce guda ɗaya ta Turanci, wato “convenient”, wadda wata ma'aikaciya Basiniya ta rubuta da nufin girmamawa, wani Alhaji mai sayar da yadi a Kano kuma ya karanta ta a matsayin cin fuska. Babu Bature ko ɗaya a cikin maganar. Turanci aro ne a hannun kowannensu, kuma kowannensu ya koye shi a makaranta har ya ci jarrabawa a kansa, amma hakan bai hana su fahimtar juna a baibai ba.

Ma'aikaciyar, wadda ba zan ambaci sunanta ko na kamfaninsu ba, budurwa ce da ba ta daɗe da gama kwaleji ba, kuma ita aka ɗora wa amsa saƙonnin abokan ciniki a wani ƙaramin ofis da ke unguwar Xiaobei, ɗaya daga cikin unguwannin da baƙi 'yan Afirka suka fi taruwa a birnin. Ta fara Turanci tun tana aji uku na firamare, kamar yadda tsarin ilimin ƙasar ya tanada tun daga 2001, ta rubuta shi a babbar jarrabawar shiga jami'a da ake kira gaokao, sannan ta ci jarrabawar Turanci ta ɗaliban manyan makarantu mataki na huɗu, wadda aka fara gudanarwa a 1987, wadda kuma kamfanoni da yawa ke neman takardarta kafin su ɗauki mutum aiki. Saboda haka ba za a ce ba ta san harshen ba. Shi ma Alhajin ya yi karatun boko mai zurfi kafin ya gaji shagon mahaifinsa a Kantin Kwari, yana karanta jaridun Turanci kullum, kuma mutum ne mai lura da ƙananan abubuwa a cikin magana.

Al'adar irin wannan ciniki ita ce mai saye ya ba da kafin alƙalami, galibi kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kaya, sannan ya cika ragowar kashi 70 kafin a yi lodi. Alhaji ya ba da nasa a kan lokaci, masaƙa ta gama aiki, an kawo dilolin yadi an jibge a sito, sai dala ta yi wuya a Najeriya, makonni suka yi ta wucewa cikon kuɗi bai iso ba, kuɗin ajiya kuma yana ta hawa. Mai kamfanin ba ya son ya ɓata da tsohon abokin hulɗa, don haka ya umarci ma'aikaciyar ta tuna wa Alhaji a hankali, ba tare da ta matsa masa ba. Ga abin da ta aika masa ta WeChat, manhajar saƙonnin waya da Sinawa ke amfani da ita: “Dear Alhaji, we know you are inconvenient recently. Please pay the balance when you are convenient.”

Ba a yi awa guda ba wayata ta yi ƙara. “Malam, ka ga abin da yarinyar nan ta rubuto mini? Wai na zame musu ƙarfen ƙafa. Shekara nawa ina ciniki da su ban taɓa cin kwabonsu ba, yau don kuɗi ya yi jinkiri ni ne alaƙaƙai? Ka gaya wa maigidanta ya mayar mini da abin da na bayar, in nemi wasu.” Na ce, “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri a ba ni zuwa la'asar, in ji daga bakinta abin da take nufi.” Gaskiyar magana, tun daga kallon farko na gane inda saƙon ya dosa, domin na sha jin irin wannan jimla a bakin Sinawa, to amma dole in yarda cewa fassarar da Alhaji ya yi mata ita ce daidai a Turanci. Bai ƙara komai daga zuciyarsa ba, abin da aka rubuta ya karanta.

Da na isa ofishin, ban fara da gyara ba. Na roƙe ta ta faɗa mini da Sinanci abin da ke ranta lokacin da take rubutawa, ta kuwa faɗa ba tare da ta tsaya tunani ba: “Women zhidao nin zuijin shoutou bu fangbian, nin fangbian de shihou zai fu.” Ma'anarsa ita ce, mun san a 'yan kwanakin nan hannunka ba ya sake, ka biya a lokacin da ka samu sarari. Har wakilin sunan da ta zaɓa, nin, shi ne na girmamawa, wanda ake amfani da shi ga manya maimakon ni na yau da kullum. A harshenta babu lafazin da ya fi wannan taushi wajen tuna wa babban mutum bashi.

Kalmar da ke ƙarƙashin saƙon nata ke nan, fangbian, wadda ake rubutawa da haruffa biyu, 方便. Na farko yana ɗauke da ma'anar hanya ko dabara ko ɓangare, na biyu kuma sauƙi ko dacewa, kuma wannan harafi na biyu shi ne dai ke farkon kalmar pianyi, wato araha, wadda kusan ita ce kalmar Sinanci ta farko da ɗan kasuwarmu ke koya, sai dai a can ana furta harafin da wani lafazi daban. Tsohuwar kalma ce ƙwarai. Masu fassara littattafan addinin Buda daga harshen Sanskrit sun yi amfani da ita a madadin upaya, wato dabarar da malami ke bi ya sauko daidai fahimtar almajirinsa, har ma da ita aka raɗa wa babi na biyu na littafin Lotus Sutra suna a fassarar da Kumarajiva, wani malamin addinin, ya yi zuwa Sinanci a shekara ta 406. A Sinancin yau kuwa ta bazu ta shiga ko'ina. Idan unguwa na kusa da tashar jirgin ƙasa da motocin haya, sai a ce sufurinta fangbian ne, taliyar nan da ake dafawa nan take irin Indomie kuma sunanta fangbian mian. Wanda ya kira ka a waya zai fara da tambayar ko kai fangbian ne a yanzu, yana nufin ko kana da sararin magana. Wanda ba ya son ya faɗi wani abu a gaban jama'a zai ce faɗinsa ba fangbian ba ne. Tsohon da tafiya ke yi wa wuya, ƙafafunsa ne ba fangbian ba, wanda ba shi da kuɗi a hannu kuma hannunsa ne ba fangbian ba. Wanda zai zagaya ma, cewa yake yi zai je ya ɗan yi fangbian.

Idan aka dubi waɗannan misalai da kyau za a ga sun rabu gida biyu. Na sufuri da na taliya suna bayyana abu ne, cewa yana rage wa mutum wahala, sauran kuwa suna bayyana halin da shi mutumin yake ciki, na lokaci ko na aljihu ko na lafiya ko na sirri. Jerin kalmomin da ɗaliban Sin ke haddacewa don jarrabawa yana ajiye “convenient” a gefe guda, fangbian a ɗaya gefen, kamar an auna su a sikeli an ga nauyinsu ɗaya, alhali kuwa sifar ta Turanci gida na farko kaɗai ta rufe. Duk abin da ya shafi halin mutum yana wajenta.

A nan Bahaushe ya fi Bature saurin gane abin da Basine ke nufi, domin mu ma muna da kalmomin da ke yin wannan aiki, irin su sarari da hali da sukuni, kuma a jikin mutum muke rataya su. Mukan ce wa mutum ya zo in ya samu sarari, ko mu ce wane ba shi da hali a yanzu, ba tare da mun fito fili mun ce lokaci ne ya rasa ko kuɗi ba, kuma wannan sakayawa ita ce ladabin. Da wannan na koma wa Alhaji. Na ce, “Ranka ya daɗe, cewa take yi sun san ba ka da sukuni a 'yan kwanakin nan, ka biya idan Allah ya hore.” Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, “To ai da haka ta faɗa, da ba mu kai nan ba.” Zancen mayar da kuɗi bai sake tasowa ba.

Ita kuwa “convenient” ta samo asali ne daga aikatau na harshen Latin, convenire, mai ma'anar haɗuwa a wuri ɗaya, daga nan kuma dacewa, kuma ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14 da ma'anar abin da ya dace ko ya kamata. Ana iya ganin wannan tsohuwar ma'ana a fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, inda a littafin Karin Magana aka roƙi “food convenient for me”, wato abincin da ya yi daidai da buƙatata, ba wanda ke da sauƙin samu ba. A Turancin zamani ma'anar ta ƙuntata zuwa abin da ke rage wa mutum wahala ko ya yi daidai da tsarinsa, kuma a kullum tana buƙatar ɓangarori biyu: abin da ke yin hidima, da wanda ake yi wa hidimar. Abin da ke hidimar, ko lokaci ne ko wuri ko hanya ko kayan aiki, shi ne ke zama aikau a jimla, wato abin da ke zuwa kafin aikatau a matsayin mai aikin, mutumin da ya amfana kuma sai ya biyo bayan “for”. Ana cewa “Monday is convenient for me”, Litinin ce ke yi mini hidima. Idan aka ɗauko mutum aka ajiye shi a gurbin Litinin, jimlar ba ta rushe ba, sai dai mutumin ya koma kayan aiki. Wanda aka kira “a convenient friend” ba yabonsa aka yi ba, aboki ne da ake riƙe da shi don biyan buƙata. Kishiyar ta ma fi muni, domin “an inconvenient witness” shaida ne da kasancewarsa ke ɓata wa wani shiri, wanda za a so a ce babu shi. A wannan layi saƙon ya jera Alhaji.

Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin kuskuren ya fi sauran kurakuran masu koyo haɗari. Idan ɗalibi ya mance da “the” ko ya rikita lokacin aikatau, mai karatu zai ga alamar baƙunta ya yi masa uzuri. Amma “you are inconvenient” jimla ce lafiyayya a nahawu, ba ta da tabo, manhajar gyaran rubutu ma ba lalle ta ja mata layi ba, saboda haka mai karatu ba shi da dalilin zaton cewa ba abin da aka nufa ke nan ba.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi ginin jimla. Masanin harshe Yuen Ren Chao ya nuna a nahawun Sinanci da ya wallafa a 1968 cewa abin da ke zuwa a farkon jimlar Sinanci ba lalle ne ya zama mai aikata aiki ba, sau da yawa batu ne kawai da aka ajiye a gaba sannan a yi sharhi a kansa, kuma Charles Li da Sandra Thompson sun faɗaɗa wannan ra'ayi a 1976, inda suka sa Sinanci cikin harsunan da ke fifita batu a kan aikau. Hausa ma na yin haka idan muka ce, “Yaron nan, ƙafarsa ta kumbura”, inda yaron ba shi ne ya kumbura ba. Don haka tambayar “ni fangbian ma” ta fi kusa da a ce, “Kai fa, da sauƙi?” Ba a ce kai ne sauƙin ba, an dai ambace ka ne don a san a kan wa ake magana. Turanci ba ya barin batu ya tsaya haka a sake, kuma idan babu abin da zai cike gurbin aikau sai ya kawo “it” wadda ba ta nufin komai ya ajiye, abin da Sinanci ba shi da irinsa. Mai koyo sai ya ɗauki batunsa ya mayar aikau, ya cusa “are” a tsakani, ya ga jimla ta tashi. Daga wannan tushe ne 'yan uwanta ke fitowa, kamar “he is impossible to come” da “you are necessary to sign”, da kuma “I am difficult to understand”, wadda ɗalibi ke faɗa yana nufin yana shan wuyar ganewa, mai sauraro kuma ya ji cewa shi ɗalibin ne ke da wuyar sha'ani. Masaniyar harshe Virginia Yip ta yi nazarin irin waɗannan jimloli a Turancin masu jin Sinanci a aikin da ta wallafa a 1995.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a ranar shi ne, ina fara bayani sai ta dafe kai ta ce, “Laoshi, ai na san wannan!” Laoshi shi ne malam a harshensu. Nan take ta karanto mini ƙa'idar da ka, kamar mai tilawa: “It is convenient for somebody to do something.” Ta ce a littattafan shirin jarrabawa akwai sananniyar tambaya da ake ba ɗalibi jimla ya cike gurbi, a jera masa zaɓi, kuma kowane ɗalibi ya san cewa “you are convenient” shi ne tarkon da aka ɗana, wanda ya taka ya rasa maki. Ba ta taɓa faɗawa tarkon a ɗakin jarrabawa ba, amma ta faɗa a ofis, inda take amsa saƙonni barkatai a yini guda, waya na ƙara, maigida na tsaye a kanta, tunaninta kuma da Sinanci yake gudana. Masu nazarin koyon harshe na biyu sun daɗe da sanin wannan tazara tsakanin abin da mutum ya sani da abin da ke fita daga bakinsa, tun lokacin da Larry Selinker ya yi bayani a 1972 cewa mai koyo yana da nasa tsarin harshe na tsaka-tsaki, mai ƙa'idojin kansa, wanda wasu kurakurai kan daskare a cikinsa ko da an gyara su sau ɗari.

Sai dai ni a ganina gaggawa ba ita kaɗai ce matsalar ba, ƙa'idar da aka koya mata ma rabin magani ce. Na ce ta gyara saƙon da ita, ta rubuta “it is inconvenient for you recently”. Nahawu ya daidaita, cin fuska ya fita, amma ma'anar da take so ba ta shigo ba, domin babu mai jin Turanci da zai fahimci rashin kuɗi daga wannan jimla, zai dai tambaya mene ne bai yi masa daidai ba. Ƙa'idar tana koya wa ɗalibi yadda zai zaunar da kalmar, ba ta gaya masa cewa a mafi yawan wuraren da Sinanci ke cewa fangbian, Turanci ba ya neman “convenient” sam.

Saboda haka muka ajiye ƙa'idar gefe muka bi ta wata hanya. Na ce duk lokacin da fangbian ta zo mata, ta tsaya ta tambayi kanta me take sakayawa da ita. Idan lokacin mutum take tambaya, “are you free” ko “are you available” sun wadatar, ko ta mayar da ranar aikau ta ce “does Monday suit you”. Idan a waya ne, “can you talk now” ko “is this a good time”. Idan abu ne da ba ta son faɗa, “I would rather not say”. Tsoho mai ciwon ƙafa kuma “has trouble walking”, ba ƙafafunsa ne “inconvenient” ba. Waɗannan duka ta rubuta su a bayan wani tsohon rasit ta manna a gefen kwamfutarta.

Zancen kuɗi shi ne ya ɗauke mu lokaci. Akwai lafazin Turanci da ya yi kusa, kamar a ce “things are tight”, amma na ba ta shawarar kada ta yi amfani da shi ga Alhaji, domin ko da an fassara nufinta daidai, ɗan kasuwa mai mutunci ba ya son a rubuta masa cewa an san ba shi da kuɗi, rufin asiri kuwa jari ne a kasuwa. Ya fi kyau a ɗora wahalar a kan dala da bankuna, a bar mutumin a gefe. Daga nan sai na tambayi mai kamfanin kansa ko da gaske yana nufin Alhaji ya biya duk ranar da ya ga dama. Ya yi dariya ya ce ina, cikin mako biyu yake son kuɗinsa, kuma duk Basinen da ya karɓi irin wannan saƙo zai gane cewa ana yi masa tuni ne ya hanzarta. Ashe har rabin jimlar na biyu ma bai isar da saƙo ba. A Turanci, “whenever it is convenient for you” da “at your convenience” sakin mara ne na gaske, ba wa'adi a cikinsu, kuma mai karatu na da damar ɗaukarsu a yadda suka zo. Kalma ɗaya ce ke juya ma'anar: “at your earliest convenience” lafazi ne na wasiƙun ofis da ke nufin a yi da gaggawa, an dai lulluɓe shi da ladabi. Ma'aikaciyar ta san wannan lafazi, amma ta ɗauka duk ɗaya ne da na farko. Ko shi ɗin ma ban bar shi kaɗai ba, na sa ta rubuta rana ƙarara, ta kuma ambaci kuɗin ajiya da ke hawa, domin ladabin da ba shi da kwanan wata ƙara jinkirin zai yi. Saƙon da ya fita daga ƙarshe ya ce sun fahimci wahalar tura kuɗi a wannan lokaci, suna roƙon a kammala biya kafin ranar da aka sa, kuma suna ba da haƙuri a kan lafazin saƙon baya.

Bayan kwana uku kalmar ta sake dawowa ta wata ƙofa. Alhaji ya rubuto cewa ƙanensa zai zo baje kolin Canton, wanda ake yi sau biyu a shekara a Guangzhou tun 1957, kuma zai biyo ofis ya duba kayan ya rufe lissafi. Ma'aikaciyar ta ji daɗi, ta rubuta “How convenient!” tana fassara “tai fangbian le”, wato madalla, abin ya zo da sauƙi, amma wannan karon ta turo mini kafin ta aika. Babu kuskuren nahawu a ciki, mutum ma ba shi ne aikau ba, duk da haka na ce ta goge. A bakin masu Turanci wannan furuci yakan zama gatse, irin wanda ake yi wa mutumin da uzurinsa ya zo daidai lokacin da ya fi yi masa amfani, kamar wanda rasit ɗinsa ya ɓace ranar da aka zo bincike. Daga nan ne ake samun “a convenient excuse” da “conveniently forgot”, inda kalmar ke nuna zargin cewa dacewar ta yi yawa har ta zama abin tuhuma. A magana baki da baki murya ce ke raba yabo da gatse, a rubutu kuwa babu murya, kuma mutumin da aka ɓata wa rai kwana uku da suka wuce ba zai zaɓi fassara mai daɗi ba. Fangbian ba ta saba ɗaukar wannan launi ba, shi ya sa ba ta hango shi ba. Muka musanya da “That works well for us”.

Wannan inuwa ta son kai tana bin kalmar har cikin sunan da suke tushe ɗaya da shi, wato “convenience”. Abin da ake kira “marriage of convenience” aure ne da aka ɗaura don takarda ko dukiya, “flag of convenience” kuma tutar ƙasa ce irin Panama ko Laberiya da mai jirgin ruwa ke yi wa jirginsa rajista da ita don sauƙin haraji da dokoki, abin da ma'aikatan kamfanin dako ke gani kullum a takardunsu ba tare da sun haɗa shi da sifar da suka haddace ba. Wuri guda da harsunan biyu suka haɗu ba zato shi ne makewayi, domin a Turancin Birtaniya “public conveniences” ban-ɗakin jama'a ne, kuma haka ake rubutawa a wasu ofisoshi da tashoshi a Najeriya. Sinawa na da sanannen barkwanci game da baƙon da aka koya wa cewa fangbian na nufin zagayawa, kashegari kuma aka ce masa za a gayyace shi cin abinci a lokacin da yake fangbian. Da na gaya mata cewa Turawa ma sun sakaya abin da kalma mai tushe irin wannan, ta yi dariya har ta kira abokiyar aikinta ta maimaita mata.

Ragowar abin da muka duba ƙanana ne. Wajen bayyana kusancin wuri, Turancin Birtaniya ya fi cewa gida “convenient for the station” ne, na Amurka kuma yakan ce “convenient to”. Na kuma nuna mata cewa jimloli irin “the internet makes our life convenient”, waɗanda suka cika rubutun ɗaliban Sin, ba kuskure ba ne, amma mai Turanci zai fi cewa “easier”.

Ƙanen Alhaji ya zo ya duba diloli, aka cika kuɗi, aka yi lodi a tashar jiragen ruwa ta Nansha. A watannin da suka biyo baya na ci gaba da ganin saƙonninta, domin tana sa ni a cikin waɗanda suka shafi mutanenmu, kuma ban sake ganin ta ajiye mutum a gaban “convenient” a rubuce ba, sai ma ta koma ƙaurace wa kalmar gaba ɗaya, har a wuraren da ta dace, ta riƙa rubuta “suitable” da “okay” a madadinta. A baki kuwa abin bai tafi da sauri ba. Kusan duk lokacin da ta kira ni a waya, sai ta fara da “Laoshi, are you con…”, ta yanke, sannan ta ce “are you free?”